Malam ya halatta in karbi fasfon Ingila bayan ina da na Najeriya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya kara lafiya da nisan kwana. Ni dan Kano ne ina aikin jinya a wani asibiti a Ingila shekara 7 kenan, ina tare da maidakina da yara uku. Bara na samu takardar zama ta dindindin, yanzu lokaci yayi da zan iya cike fom na zama dan kasa su bani fasfo, to sai wani abokina da muke sallah tare yace min wannan kafirci ne saboda sai mutum yayi rantsuwar biyayya ga sarkinsu, yayana kuma daga gida yace idan na karba na rasa na Najeriya kenan. Wallahi abin ya hanani bacci, dan Allah Malam a warware min.

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Dan'uwa Allah ya saka da alheri da ka tsaya ka tambaya kafin ka sa hannu.

Bari in fara sauke maka maganar yaya tunda ita mai sauki ce. Sashe na 28 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 bai hana wanda yake dan kasa ta hanyar haihuwa ya rike wata kasar ba, wanda abin yake shafa shine bakon da ya nemi zama dan Najeriya aka bashi sannan yaje ya kara karbar wata. Ita ma Ingila bata cewa sai ka ajiye naka. Don haka koren fasfonka yana nan, yaranka ma yan Najeriya ne ta wajenka ko a ina aka haifesu.

Sai maganar abokinka, anan zan dan dade saboda maganar tasa tana da tushe, ba daga iska ya daukota ba, kawai dai ya dauko hukuncin wani waje ya dora akan wani waje ne. A shekarar 1865 Faransa tayi doka a Aljeriya cewa musulmi zai iya zama cikakken dan Faransa amma da sharadin ya fita daga hukuncin musulunci akan aure da saki da gado ya koma karkashin dokarsu. A Tunisiya ma sunyi dokar bada zama dan kasa a 1923, har takai a 1933 mutane suna tare makabarta suna hana a binne wanda ya karba a cikin musulmi. Malamai irinsu Sheikh Abdulhamid bin Badis da Sheikh Rashid Rida sun tsananta matuka akan wannan, har da maganar ridda. Kuma ni a ganina sunyi daidai a wancan halin, domin mutum ne a kasarsa, dan mulkin mallaka ya danne masa wuya, sannan yace masa zo ka zubar da shari'arka ka shiga sahuna, gobe kuma in saka maka kaki ka harbi dan'uwanka. A wannan zamanin ma akwai manyan malamai da suka tsaya akan hani, kamar kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya, suna kafa hujja da aya ta 51 a Suratul Ma'ida akan jibintar Yahudu da Nasara, da aya ta 97 a Suratun Nisa'i akan wadanda suka ki yin hijira, da hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito cewa Annabi (SAW) ya barranta daga musulmin da yake zaune a tsakanin mushirikai. Mu a mazhabarmu ta Malikiyya ma an san tsananin babban malami Wansharisi akan musulmin Andalus da suka zauna bayan kasar ta kubuce daga hannun musulmi, kuma kai dan kasar Hausa kasan Shehu Usmanu da kansa hijira yayi zuwa Gudu a 1804. To kaga ba maganar da za'a yiwa dariya bace.

Amma hukunci yana tafiya ne da illarsa, wato dalilin da aka ginashi akai, idan illar ta samu ya samu idan ta kau ya kau. Ayar Nisa'i ka karantata da kyau, mutanen da ake zargi cewa sukayi an raunanamu a bayan kasa, wato an hanasu addininsu kuma suna da ikon fita suka ki fita. Hadisin barranta kuwa Bukhari da shi kansa Tirmizi sun rinjayar da cewa mursali ne, wato an tsallake sahabi a jerin masu ruwaitoshi, wadanda suka ingantashi ma da yawa sun daukeshi akan wanda bai iya bayyana addininsa ko yake zaune cikin masu yakar musulmi. Ibnu Hajar ya kawo maganar Mawardi cewa idan mutum yana da ikon bayyana addininsa a garin da ba na musulmi ba to zamansa yafi tashinsa saboda ana fatan wani ya musulunta ta dalilinsa. Sannan ga Habasha. Annabi (SAW) da kansa ya tura sahabbai wajen Najjashi, sarki Kirista, yace musu a can akwai sarkin da ba'a zaluntar kowa a wajensa, kuma Ja'afar bin Abi Dalib bai dawo ba sai shekara ta 7 bayan hijira lokacin Khaibar, alhali Madina ta dade da kafuwa. A lokacin da wani ya tashi zai kwace mulkin Najjashi sahabban nan addu'a suka dinga yi Allah ya bashi nasara, Zubairu bin Awwam har iyo yayi ya haye kogi don ya gano musu yadda yakin ya kaya. Shi kansa Ma'aiki (SAW) da ya dawo daga Da'ifa a karkashin kariyar Mud'imu bin Adiyyi ya shiga Makka, kuma Mud'imu mushiriki ne har ya mutu.

Zama dan kasa a yau kusan wannan ne, yarjejeniya ce tsakaninka da hukuma, su kareka su baka hakkin zama da aiki da zabe, kai kuma ka kiyaye doka ka biya haraji kada ka ci amanarsu. Ba wanda zai tambayeka a fom din ko ka bar sallah. Wannan shine abinda Sheikh Yusuf Alkardawi da Sheikh Abdullahi bin Bayyah da majalisar fatawa ta Turai da aka kafa a 1997 suka tafi akai, kuma shine abinda nake gani yafi karfi akan irin halinka. Sannan ka lura da wani abu da mutane suke mantawa, dokar Ingila tana kanka tun ranar da jirgi ya saukeka da biza, shekara 7 kana biyan haraji kana bin dokarsu, fasfo ba zai kara maka wata dokar da zata taba ibadarka ba. Idan akwai matsala to a zaman take tun farko, idan zaman ya halatta kuwa takardar da take karfafa zaman hukuncinta daya da shi.

Yanzu rantsuwar. A bikin da karamar hukuma take shiryawa zaka ce zaka zama mai amana da biyayya ga Sarki Charles na uku da magadansa bisa doka, sannan kayi alkawarin kiyaye dokokin kasar da mutunta yancin mutane da tsarin dimokuradiyyarsu. An baka zabi, ko ka rantse da Allah Madaukaki ko kayi alkawari kawai ba tare da ambaton Allah ba, duka biyun suna karba. Gaskiya ne sarkin shine shugaban cocin Ingila a mukami, amma lafazin da zaka fada babu coci a ciki babu akida a ciki, biyayya ce ta zaman kasa. Ni nafi so ka zabi alkawarin, don kada ka sa sunan Allah akan magana mai fadi irin wannan. Sai dai kada wani ya rudeka da cewa ai kawai ka fada da baki a zuciya kana nufin wani abu daban, a'a, Muslim ya ruwaito cewa rantsuwa tana kan niyyar wanda ya nemi a rantse masa, kuma Allah ya bude Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawura. Huzaifa bin Yaman da mahaifinsa Kuraishawa sun taresu a hanya suka karbi alkawarin ba zasu yakesu ba, da suka zo wajen Annabi (SAW) ana shirin Badar, ranar da musulmi suke bukatar kowane mutum daya, sai yace su koma, za'a cika musu alkawarinsu a nemi taimakon Allah akansu. Don haka idan ka fada to ka fada da gaske, ba cutar makwabci ba zambar tallafin gwamnati ba boye kudin haraji. Iyakar kawai itace babu biyayya ga abin halitta cikin sabon Mahalicci, kuma wannan iyakar tana kanka ko a Kano kake. Maganar aikin soja kuwa Ingila ta daina daukar mutane na dole tun 1960. A Amurka ne rantsuwar take da maganar daukar makami idan doka ta bukata, su ma suna bari a cire wannan gabar ga wanda addininsa ya hanashi.

Inda nake jin tsoro gaskiya shine hanyar samun takardar. Kai alhamdulillahi ta kofa ka shiga, ka cika shekara 5, ka samu zama na dindindin, ka jira wata 12, ka ci jarrabawar sanin kasa mai tambaya 24 ka nuna kana jin Turanci kuma baka da tabon laifi. Amma nasan yan'uwa da yawa zasu karanta wannan amsar su dauka ta shafesu alhali su ta taga suke shiga. Auren takarda da ake biyan mace kudi a daura a rajista kowa ya kama gabansa haramun ne, wasa ne da abinda Allah ya kira alkawari mai kauri. Mutum ya kirkiri labarin cewa ana farautarsa a gida don a bashi mafaka, wasu har suce sun bar musulunci ne shi yasa ake neman kashesu, wannan wallahi yafi rantsuwar da abokinka yake tsoro hadari nesa ba kusa ba, furta kalmar kafirci ne saboda abin duniya ba tare da an tilastaka ba. Haka rubuta dan kaninka a matsayin danka ko ka jingina kanka ga wani uban, Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya danganta kansa ga wanda ba ubansa ba yana sane to aljanna haramun ce gareshi. Kuma ko a dokarsu wanda aka gano da karya ya samu suna iya kwacewa ko bayan shekaru nawa ne.

Sai yara, kuma nan ne nake so ka fi tsayawa ka duba tsakaninka da Allah, domin Suratut Tahrim aya ta 6 cewa tayi ku kare kanku da iyalanku daga wuta. Kai ka girma da makarantar allo da kiran sallah a kunnenka, su kuwa a can zasu tashi, abinda ka dauka kowa ya sani su sai ka zauna ka koya musu. Idan kaga dan shekara 10 baya sallah sai an yi fada, baya jin Hausa balle ya gaisa da kakarsa a waya, yana jin kunyar a ganshi da sunan musulmi a makaranta, to halaccin da nake baka ya fara girgiza, wajibinka ka canza unguwa ka matsa kusa da masallaci da islamiyya ko ka tattarasu ku koma gida. Abin mamaki ma anan fasfon taimakonka zaiyi, saboda takardar dindindin da kake rike da ita tana mutuwa idan ka shekara 2 a jere baka kasar, shi yasa zaka ga mutum yana son ya kai yaransa gida suyi karatun Alkur'ani amma yana tsoron rasa takarda sai ya hakura. Mai fasfo kuwa zai iya zuwa Kano ya shekara biyar ya koma ba wanda zai tareshi. Na sha gayawa masu tambaya irinka su sa wannan a cikin niyyarsu.

Abu biyu kuma kada ka bari su kwana. Ka samu lauya ka rubuta wasiyya a fili cewa a raba dukiyarka bisa gadon musulunci kuma a yi maka jana'iza irin ta musulmi, dokar Ingila tana bawa mutum dama mai fadi ya tsara dukiyarsa, amma wanda ya mutu bai rubuta ba tsarinsu ake bi, matar aure ta dauki kaso mafi girma iyaye kuma basa samun komai idan akwai mata da yara, alhali a shari'a uwa da uba kowanne yana da sudusi, wato kashi daya cikin shida. Sannan ka tabbata hukuma ta san da aurenka a rubuce, domin auren da aka daura a masallaci a can ba tare da rajista ba kotu bata daukarsa cikakken aure, matar ce take wahala ranar da wani abu ya faru.

Saboda haka a halin da ka siffanta min, kana sallah a fili, kana zuwa juma'a, maidakinka tana sa hijabinta ba mai hanata, aikinka na jinya halal ne kuma takardunka na gaskiya ne, ya halatta ka karba kuma ka rike na Najeriya tare da shi, babu kafirci a ciki. Abokin naka ka gaya masa cikin mutunci cewa mas'ala ce da malamai sukayi sabani akanta, idan shi ya zabi ya bar abin don tsentseni Allah ya bashi lada, amma ya kiyaye harshensa daga kafirta wanda ya karba. Kayi istihara kafin ka tura fom din, ka kira mahaifanka ka sanar dasu idan suna raye, kuma ka duba ka'idojin da ake kai a ranar da zaka cike saboda tun 2025 gwamnatinsu take maganar tsaurara sharudan.

Allah ne mafi sani.