Na ɗumama shinkafar har tana tururi, me ya sa yara suka yi amai?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Shekaranjiya na dafa shinkafa da rana ta yi saura, sai na rufe tukunyar na bar ta a kicin saboda firijinmu ya cika. Washegari da safe na shinshina, babu wari babu yauƙi, na ɗumama ta sosai har tana tururi, na zuba wa yara. Kafin azahar biyu daga cikinsu suka kama amai. Ni dai a sanina wuta tana kashe ƙwayoyin cuta. Shinkafar ce, ko kuwa zafin da ake yi kwanan nan? Daga wata uwa.

Amsa: Sannu da jinya 'yar'uwa, Allah ya ƙara musu lafiya. Ban duba yaran ba, amma yadda kika kwatanta, shinkafar nake zargi, zafin gari kuma shi ya ba ta hannu.

Gaskiyarki, wuta tana kashe yawancin ƙwayoyin cuta. Sai dai shinkafa tana da wata baƙuwar ƙwayar cuta da ake kira Bacillus cereus. A ƙasa take rayuwa, tun daga gona take biyo hatsi. Idan ta ji wuya sai ta dunƙule cikin wani ɓawo mai tauri ta yi likimo, kamar irin da ke jiran ruwan sama, kuma tafasa ba ta fasa ɓawon nan. Kin sauke tukunya, shinkafa ta fara hucewa, ga danshi ga ɗumi, sai ta farka ta shiga hayayyafa. Tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Selsiyos ƙwayoyin cuta suka fi sakewa, kuma idan yanayi ya yi musu daɗi wasunsu kan ninka kansu duk minti 20. Ki lissafa: ƙwaya ɗaya tak za ta iya haura miliyan 2 cikin awa 7. Taki tukunyar ta yi kusan awa 18 a rufe.

Ga inda gizo ke saƙar. Yayin da take hayayyafa tana zubar da dafi a cikin abincin, sunansa cereulide, shi kuma ba ruwansa da wuta. Yana jure zafin digiri 121 har na minti 90, alhali ruwa a digiri 100 yake tafasa. Ɗumamen da kika yi ya kashe ƙwayoyin, dafin yana nan daram. Ba ya wari, ba ya sauya ɗanɗano, don haka hanci da harshe ba su isa shaida ba. Lokacin ma ya dace: aman wannan dafi yakan zo tsakanin awa 1 zuwa 6 bayan an ci. A Ingila aka fara gane wannan nau'in ciwon a 1971, daga soyayyiyar shinkafar gidajen abinci da ake dafawa a bar ta ta kwana a waje. Taliya ma haka take yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a ɗaki. Idan zafin gari ya haura digiri 32, awa 1 ne. Na san wannan zai yi wa mata da yawa tsauri, wata ma za ta ce shekara nawa tana cin kwanannen abinci ba abin da ya same ta. Na yarda. Ba kowace tukunya ce ke tara dafin da zai kayar da babba ba, amma cikin yaro ba irin na babba ba ne, kuma ba ki da hanyar gane wace tukunya ce za ta ci ki.

Abin yi shi ne ki hanzarta hucewar. Kada ki bar saura a tukunya, domin tsakiyarta kan daɗe da ɗumi ko da sama ta yi sanyi. Juye ta a faffaɗan faranti ko tire, ki baza ta, da tururin ya lafa ki zuba a ƙananan robobi masu murfi ki sa a firiji cikin awa 1. Maganar cewa sai abinci ya yi sanyi ƙalau kafin ya shiga firiji tana cikin abin da ke jawo matsalar. Ɗan ɗumi ba ya lalata firiji. Shinkafar da ta shiga a kan lokaci, a cinye ta cikin kwana 1, a ɗumama ta sau 1 kawai, har tsakiyarta ta yi zafi ƙwarai. Idan an ɗauke wuta, firijin da ba a buɗewa yana riƙe sanyi kamar awa 4.

Kular abinci ma a yi hattara da ita. Tana da amfani muddin abincin yana da zafin da zai ƙona hannu. Da ya koma ɗumi-ɗumi, kular ta zama ɗakin reno ga ƙwayoyin. Wadda ba ta da firiji, ko nata ya cika irin naki, gara ta auna daidai bakin gida ta dafa sau biyu, ko ta rabar da saurar tun tana da zafi.

Su kuma yaran, wannan ciwo yakan wuce da kansa cikin awa 24. Abin tsoron shi ne ƙarewar ruwan jiki. Ki ba su ruwan gishiri da sukari na sacet, wato ORS, a haɗa yadda aka rubuta a jiki. In babu, lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin cokalin na gishiri. Kurɓi-kurɓi za ki riƙa ba su. Wanda ya amayar, ki jira minti 10 ki ci gaba a hankali. Mai shan nono a ci gaba da ba shi. Kada ki saya musu maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba ya taɓa dafi, kada kuma ki ba yaro maganin tsayar da gudawa sai likita ya rubuta.

Ki kai su asibiti ba tare da jira ba idan yaro ya kasa riƙe ko da ruwa, ko idanunsa suka zurma, ko ya yi awa 6 zuwa 8 bai yi fitsari ba, ko ya yi laushi yana ta barci da wuyar tashi, ko kika ga jini a amai ko bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi ya shigo. Haka nan idan kwana ya zagayo aman bai tsaya ba. Jariri ɗan ƙasa da wata 6 kuwa, tun daga farko asibiti za a nufa da shi.