Ina ruwan wa'azi da farashin auduga?

Tambaya: Malam, a darasin tarihi an ce mana wa'azin coci ne ya tayar da manoman Amurka har suka kafa jam'iyyarsu. Ni dai abin ya ɗaure mini kai. Ina ruwan wa'azi da farashin auduga? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: 'Yata, ni a ganina bashi ne ya tayar da su, coci kuwa ya ba su bakin magana. Bayan yaƙin basasarsu, manomin kudancin Amurka yakan ci bashin kaya a wurin mai kanti ya biya da kaka. Auduga ta yi ta faɗuwa, kamfanonin jirgin ƙasa suna tsauwala kuɗin dako, kaka ta zo ta wuce bashi na nan daram.

To, a ina talakan ƙauye ya saba haɗuwa da ɗan'uwansa? A cocin Baftis ko na Metodis. Shi ya sa da ƙungiyar manoma ta taso a Tekzas, ta ɗauki salon coci ɗungurungum. Da addu'a ake buɗe taro. Iyalai su ɗauro keken doki su yada zango a fili kwana da kwanaki, ana waƙa ana jawabi, tamkar taron farkawa na masu bishara. Da yawa daga masu yawon wayar da kan manoma dā ma masu wa'azi ne. Har ƙungiyar manoma baƙar fata ta 1886, wani Bature mai wa'azin Baftis, R. M. Humphrey, shi ya shugabance ta.

Daga wannan ƙungiya ta manoma jam'iyyarsu ta fito. A 1892 suka tsayar da James Weaver takarar shugaban ƙasa, ya samu ƙuri'a sama da miliyan ɗaya.

Inda abin ya fi burge ni shi ne Shikago, 1896. Manoma suna so a buga kuɗin azurfa don kuɗi ya wadata, bashi ya yi sauƙin biya. Masu banki suka kafe a kan zinariya. A babban taron jam'iyyar Dimokurat, William Jennings Bryan, wanda ya zama ɗan takararta kuma jam'iyyar manoma ta mara masa baya, ya miƙe ya ce ba za a danna wa ma'aikaci rawanin ƙaya ba, ba za a gicciye ɗan Adam a kan gicciyen zinariya ba, sannan ya ware hannuwansa kamar wanda aka gicciye, irin labarin Yesu da ake ji a coci. Manomin da lissafin banki ya shige masa duhu ya gane wannan nan take. Amma fa William McKinley, ɗan takarar jam'iyyar Rifablikan mai goyon bayan zinariya, shi ne ya ci zaɓen, jam'iyyar manoman kuma daga nan ta fara watsewa.