Me Ya Hana Mu Zuba Uriya a Garka?

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa ba ma sayen buhun uriya mu watsa wa salati da shu, alhali garkar maƙwabcinmu ta yi kore shar cikin mako guda, tamu kuwa tana tafiya sannu-sannu. Abin da idonka ya gani gaskiya ne. Uriya tana da ƙarfi, kashi 46 cikin ɗari nata sinadarin naitirojin ne, shi ke sa ganye ya yi kore nan da nan.

To amma debi ƙasar jigawar nan tamu ta Maradi ka dunƙule a hannu. Ka ga ta zube ta tsakanin yatsunka? Rairayi ne, ba ya riƙe ruwa, ba ya riƙe taki. Ka zuba uriya yau, ka yi ban ruwa biyu uku, mai yawa ya wuce ƙasa inda saiwar salati ba ta kaiwa. Baɗi sai ka ƙara mudu, ƙasar kuma tana nan yadda take, ko ma ta ƙara tsami. Yanzu je ka debo ta fangalin da muke zuba wa ruɓaɓɓen taki. Baƙa ce, tana dunƙulewa, da sanyinta har azahar, in ka tona ka tarar da tana. Wannan nake nema, shi ya sa nake haƙuri da jinkirin.

Aikin yana cikin ramin taki, kuma nan ne yara ke gaggawa su yi ɓarna. Kashin kaji ɗanye wuta ne, yana ƙona saiwa. Na shanu ɗanye kuma yana zuwa da irin ciyawa. Sai an nuna shi. Ka shimfiɗa yankakken karan gero ko na dawa a ƙasan rami, ka bi da kashin shanu ko na awaki, sannan ɗanyen ganye da ragowar kayan garka, ka barbaɗa toka kaɗan. Kaɗan na ce, don in ta yi yawa tana kore ƙarfin takin ya bi iska. Ka yayyafa ruwa, ka sake jerawa har rami ya cika, ka rufe da kara. Jiƙa ake so, ba jagwab ba: in ka matsa ya ɗiga ɗigo ɗaya biyu, ya isa. Ka soka sanda a tsakiya. Bayan 'yan kwanaki ka zare ka taɓa. In da zafi, aiki na tafiya, in da sanyi, ruwa ko kashi ya yi ƙaranci. Kowane mako biyu a juya. Wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, warin ya tafi, ya koma ƙamshin ƙasar ruwan farko.

Kada kuma ka ƙona karan da ya rage a gona, ka bar shi kwance, gara za ta shigar da shi ƙasa. Gawon can da ke bakin shinge ma kada gatari ya taɓa shi. Da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, dabbobi kuma su sha inuwarsa da rani su bar mana taki. A nan yankin Maradi ne wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara aiki da manoma a 1983 kan renon tohon kututture, abin da muke kira sassabin zamani, har gonaki suka sake cika da itatuwa.

Fangalin tumatir na bara, bana wake za mu sa, don saiwarsa na ƙara wa ƙasa ƙarfi. Kada ka mayar da barkono ko yalo wurin, danginsu ɗaya da tumatir, cutar da ke sa ƙulli a saiwa tana jiran su. Gobe da sassafe ka zo da shebur da bokiti biyu, ramin gabas ya isa juyi.