Rubuta Tarihin Tasowarka Idan Mahaifi Mai Tsanani Ne

Yarona, na karanta babi ukun da ka kawo. Tambayarka ita ce yaya za ka sa mahaifinka a littafin ba tare da ka yi ƙarya ko ka tona masa asiri ba.

Matsalar tun daga shafin farko take. Ka ce "mahaifina mutum ne mai zafin zuciya", wato ka yanke hukunci kafin ka kawo shaida, shi kuwa mai karatu abin da ya gani yake yarda da shi. Goge wannan layin. Ba mu daren nan da ka ambata a gurguje a babi na biyu, da ya tarar da takardar sakamakonka a kan tebur: ya karanta a tsaye, ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihu, ya wuce bai ce uffan ba. Kada ka ƙara bayani a kai, ya wadatar.

Kafin ka ci gaba, ɗauki takarda ka raba ta gida huɗu: shekara, shekarunka, shekarunsa, da halin da yake ciki a lokacin. Sau da yawa a nan marubuci yake fara lura cewa ranar da aka mare shi yana ɗan shekara 9, uban bai wuce 35 ba, ga bashi, ga aiki ya kuɓuce. Wannan ba zai wanke shi ba, amma zai fito mutum cikakke maimakon dodo.

Murya biyu ce ke aiki a irin wannan littafi, ta yaron da abin ya faru da shi, da ta babban da ke waiwaye. Kuskuren da ka fi yi shi ne ɗora wa yaron hankalin babba. Yaro bai san ana bin ubansa bashi ba. Abin da ya sani kawai, in aka buga ƙofa da dare sai a kashe rediyo. Bar shi cikin rashin saninsa, babban ya shigo daga baya da layi biyu ko uku.

Kada ka amince wa ƙwaƙwalwarka ɗari bisa ɗari. Abin da ya faru kafin mutum ya kai shekara 3 da wuya ya tuna shi da kansa, yawanci labari aka ba shi ko hoto ya gani. Tambayi 'yan'uwanka ɗaya bayan ɗaya, kada ka haɗa su, domin babban zai rinjayi sauran. In maganarsu ta saɓa da taka, rubuta duka biyun.

Batun asiri kuwa, abin da ya taɓa rayuwarka naka ne, sirrinsa da bai shafe ka ba ka bar masa. Sauya suna ba ya kare ka daga ƙarar ɓata suna muddin za a gane mutumin. Kuma ka sa naka laifin, littafin da ɗa ya fito tas ba a yarda da shi.

In fushi ya hana ka aiki, fara juye shi a wasiƙar da ba za ka aika ba. A 1919 marubuci Franz Kafka ya rubuta wa mahaifinsa irin wannan, ya ba mahaifiyarsa ta kai, ba ta kai ba. Kai taka ka ajiye ta wata biyu, sannan ka tsamo abubuwan da suka faru, ka bar zargin a can. Da su za ka sake gina babi na biyu ka kawo mini.