Tizil a lambu: wa zai sayi iri, wa zai haƙura

Tambaya daga wata mai karatu a Bradford, Ingila: Assalamu alaikum. Ina da ɗan fili a bayan gida, ƙasarsa mai laka ce. A lambun maƙwabciyata na ga wani dogon tsiro mai ƙaya, kawunansa masu siffar ƙwai, tsuntsaye na ta sauka a kai lokacin sanyi. Ta ce sunansa tizil. Na ga ana sayar da irinsa a ƙunshi, akwai kuma dashensa a tukunya, amma ya fi tsada. Wanne zan saya?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Iri za ki saya, kuma ƙunshi ɗaya ya ishe ki har ki ba wasu. In ma kuna shiri da maƙwabciyar, ki roƙe ta busasshen kai guda a watan Oktoba, ki kakkaɓe shi a kan takarda, kin huta da kashe kuɗi.

Ga abin da ya sa ban ce ki sayi dashe ba. Tizil shekara biyu kacal yake yi a duniya. Shekarar farko ba ya tashi sam, sai dai ya baje ganye a ƙasa kamar faifai, yana ta tura doguwar saiwa guda ɗaya can ciki. Sai ya sha sanyin hunturu sannan ya fitar da kara a shekara ta biyu, ya miƙe har ya kai mita biyu, ya yi fure a Yuli da Agusta, ya zubar da iri, ya mutu. Wannan saiwar ba ta son matsi, ba ta son a taɓa ta. Wanda ya daɗe a tukunya sau da yawa saiwarsa ta riga ta nannaɗe, sai ki biya kuɗi mai yawa ki samu gajere, kuma bayan 'yan watanni ya bushe ki zaci cutar ki aka yi.

Ki duba sunan da ke jikin ƙunshin. Na dawa, wanda aka fi shukawa don ado, shi ne Dipsacus fullonum, ƙayoyin kansa a miƙe suke. Akwai ɗan'uwansa Dipsacus sativus mai ƙayoyi masu lanƙwasa a baki. Wannan na biyun yana da tarihi a yankinku, domin da kawunansa masaƙun ulu suke taje yadi don gashinsa ya tashi ya yi laushi, kuma Bradford da ulu ta yi suna a ƙarni na 19. A Somerset da ke kudu maso yammacin Ingila, da wasu sassan Yorkshire, yankin da Bradford take, gonaki guda ake nomawa saboda masaƙu, kafin wayar ƙarfe ta karɓe yawancin aikin. Duka biyun za su yi miki, amma in tsuntsaye da ƙudan zuma kike so, na dawa ya wadatar.

Shukar ba wuya. Tsakanin Afrilu da Mayu, ko kuma a Satumba, ki share wurin da kike so ya zauna, ki yafa irin a sama, ki ɗan danna da tafin hannu. Kar ki binne shi da zurfi. Ki riƙa yayyafa ruwa, cikin 'yan makonni zai tsiro. Sai ki rage, ki bar tazarar kamar santimita 60 tsakaninsu. Lakar da kike kuka da ita ba ta dame shi ba, hasali ma yana son ƙasa mai danshi. Taki kuwa ba ya buƙata. Ki sa shi can baya kusa da katanga inda rana ke samu, nesa da hanyar yara, don kara da bayan ganye duk ƙaya ne. Ki tanadi safar hannu mai kauri.

Wata dabara: ki shuka bana, ki sake shukawa baɗi. In ba haka ba, shekara ɗaya fure, shekara ɗaya ganye kawai.

Abin da za ki gani ya cancanci jiran. Furen, mai ruwan shunayya mai haske, ba ya buɗewa gaba ɗaya. Yakan fara da zobe a tsakiyar kai, sannan zoben ya rabu biyu, ɗaya na hawa ɗaya na sauka. Ganyayen kuma bibbiyu suke haɗuwa a jikin kara su yi ɗan kwari inda ruwan sama ke taruwa, ƙwari na faɗawa su mutu. Tun 1877 Francis Darwin, ɗan masanin halittu Charles Darwin, ya yi zargin tsiron na amfana da gawarwakin nan, kuma wani gwaji da aka wallafa a 2011 ya nuna waɗanda aka zuba wa matattun ƙwari sun fi yin iri. Tsuntsayen da kika gani kuwa, ƙanana masu jan fuska da ratsin rawaya a fiffike, bakinsu siriri ne da ke iya zaro iri daga tsakanin ƙayoyi.

Sai dai a nan gizo ke saƙar. Tsiro ɗaya na zubar da dubban iri. Idan kika bar kawunan duka saboda tsuntsaye, baɗi za ki tarar da 'ya'yansa har cikin tsagar siminti. Ni shawarata, ki bar kawuna kaɗan, sauran ki yanke da zarar fure ya kaɗe, ki rataye su kai ƙasa su bushe don adon ɗaki. Waɗanda suka tsiro inda ba ki so, ki cire tun suna ƙanana, kafin saiwa ta nitse.

Tambaya daga wani mai karatu a Missouri, Amurka: Ina ganinsa jingim a bakin manyan tituna. Maimakon in saya, in tsinko in watsa a gida mana?

A'a, Malam, kar ka tsinko, kar kuma ka saya. Yawan da kake gani shi ne matsalar. Tizil ɗan Turai ne da yammacin Asiya da arewacin Afirka. An kai shi Amurka, ya tsere daga gonaki, ya bi tituna da makiyaya yana danne tsirran ƙasar. Jiharku ta sa shi cikin jerin muggan ciyayi, haka ma Colorado da Iowa. Har a maƙabartu akan same shi, saboda busassun kawunan da ake sa wa cikin damin furanni suna zubar da iri. Don haka ko na ado kar ka ɗauko wa uwargida. Ka nemi Echinacea purpurea, ɗan asalin yankinku ne, furensa ya fi girma, tsuntsaye kuma na cin irinsa. In kana son mai kai da ƙaya-ƙaya, ga Eryngium yuccifolium.

Tambaya daga wani mai gidan furanni a Kano: Na gan shi a intanet ya burge ni. In yi odar iri?

Ranka ya daɗe, riƙe kuɗinka. Kamar yadda na faɗa wa 'yar'uwarmu ta Bradford, sai ya sha dogon sanyi kafin ya fitar da kara, kuma sanyin hunturunmu bai kai nan ba. Ko da ya tsiro ya tsallake zafin Afrilu, da wuya ya wuce ganye a ƙasa. Ga kuma batun shigo da iri daga waje, wanda ke buƙatar izinin hukumar NAQS mai kula da killace kayan noma. Idan furen da ake busarwa ya daɗe da kyansa kake nema wa masu sayenka, ka shuka Gomphrena globosa. Yana son rana, cikin wata uku yake fure, kuma launinsa ba ya saurin koɗewa bayan ya bushe.