Amsa ga ɗalibin da ya tambayi ra'in da zai ɗora bincikensa a kai

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce kana rubuta kundin digiri a kimiyyar siyasa, an ce dole ka zaɓi ra'i, kana tambaya wanne ya fi kuma mene ne amfaninsa.

Na daɗe ina duba kundayen ɗalibai a nan Zariya. Abin da ya fi damuna shi ne yaro ya kwafo ra'in masanin siyasa David Easton ya liƙa a babi na biyu, wato ra'in da ke ɗaukar siyasa kamar inji, buƙatun jama'a su shiga, manufofin gwamnati su fito, daga nan ba za ka ƙara jin ɗuriyarsa ba har ƙarshen aiki. Wannan cika shafi ne kawai.

Ra'i kamar tocila yake, inda ka haska nan kake gani, sauran wurin yana cikin duhu. Ɗauki tsige Balarabe Musa daga gwamnan Kaduna a 1981. Mai bin ra'in Markisanci, wato koyarwar Karl Marx, zai nuna maka faɗan talakawa da masu mulki, ya jawo zaren tun daga jam'iyyar NEPU ta 1950 har zuwa PRP, jam'iyyar Balarabe, kuma yana da gaskiya. Amma wannan kaɗai ba zai gaya maka dalilin da ya sa Abubakar Rimi, ɗan jam'iyya ɗaya da shi, bai gamu da tsigewa a Kano ba. Sai ka duba majalisa: a Kaduna jam'iyyar NPN ke da rinjaye, ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe, tsarin mulkin 1979 kuma ya ba ta ikon tsigewa. A nan ra'in da ke nazarin hukumomi da dokoki ya fi gani.

Kada kuma ka manta yawancin ra'o'in nan a Turai da Amurka aka ƙera su don matsalolin can. Masanin siyasar Nijeriya Claude Ake ya yi wannan gargaɗin, marigayi Dokta Bala Usman ma a ABU kullum kan hujja da tushen labari yake tsayawa. Ra'o'in gida ma akwai: masanin Nijeriya Peter Ekeh ya yi bayani a 1975 kan yadda mutum zai wawuri dukiyar gwamnati ba kunya, amma ba zai taɓa kuɗin ƙungiyar garinsu ba.

Shawarata, fara da tambayarka, ka tattara bayanai, sannan ka ɗauki ra'in da ya fi bayyana su, ka rubuta ƙarara inda ya gaza. Turo min taken aikin naka mu duba tare. Allah ya ba da sa'a.