Inci, Yadi da Mita: Inda Ribar Ɗan Kwari Ke Zurarewa

Tambaya: Malam, ina sayar da yadi a Kantin Kwari. Karon farko ke nan da zan yi odar kaya da kaina daga Chaina. Sun ba ni farashi a kan mita, faɗi kuma sun rubuta inci 58, alhali mu nan da yadi muke yanka. Ta yaya zan gane nawa kayan suka tsaya mini?

Amsa: Alhaji, Allah ya sanya albarka, kuma gara da ka tambaya kafin kuɗi su bar hannunka.

Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Yadi inci 36 ne, wato santimita 91.44, mita kuwa inci 39 ce da ɗoriya. Ke nan mita ta ɗara yadi da abin da ya haura inci uku. A ido ba komai ba ne, amma mita 1,000 za ta ba ka yadi kusan 1,094. Idan bayan kuɗin jirgi da na kwastan mita ta tsaya maka naira 2,000, ninka da 0.9144, za ka ga yadi ya kama 1,829. A kansa za ka ɗora ribarka.

Abin da nake ji maka shi ne a juya lamarin: kai kana lissafin mita, mai kaya yana nufin yadi. Yadi 1,000 mita 914 ne kacal, ka ga mita 86 sun tafi ba wanda ya zare maka ko kwabo a aljihu. Saboda haka a rubuta ma'aunin ɓaro-ɓaro a takardar ciniki, kada ka tsaya a maganar WhatsApp.

Batun faɗi kuma, inci 58 santimita 147 ne, inci 44 kuwa bai kai 112 ba. Mai sauƙin kuɗi sau da yawa matsattse ne, tela zai ce yadi huɗu ba su isa ba, mai saye kuma kai zai zarga.

Sai tef. Akwai na telolin Chaina mai ɗauke da nasu incin, wanda ya kai santimita 3.33. Na taɓa riƙe irinsa a shagon wani tela, lambobin sun yi wara-wara, muka jera shi da namu, inci 30 ɗinsa ya kai mita guda cur. Ka sa masu kayan su turo hoton tef shimfiɗe a kan kayan ta ɓangaren santimita. Ranar da kaya suka sauka, kwance bandir biyu ko uku ka auna da tef ɗinka kafin yara su fara yanka.